Ka Riƙe, Ina Zuwa

Ɗan kawuna ne ya karya mu. Mun haɗa baki a wurin gini cewa ba mai sake hawa katako sai an canja shi. Shi muka tura ya yi magana da mai gini. Ya shiga yana namu, ya fito yana shef, wato shugaban ma'aikata.

Ni na riga shi zuwa Tamanrasset. Na daɗe ina kwaɓa siminti kafin ya iso. Garinmu ɗaya a ƙasar Damagaram. Uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, don haka abokin wasana ne, ni ɗan mace, shi ɗan namiji. A wurinmu ɗan namiji yana da ikon ya kira ɗan mace bawansa, ya zage shi a gaban jama'a, ya fizge masa hula, kuma ba a fushi. Wanda ya yi fushi shi ne ya yi abin kunya. Tun muna yara bai taɓa gaishe ni ba. Gaisuwarsa ita ce, "Bawana, har yanzu kana da rai?" Ni kuma in ce, "Sai na binne ka tukuna, malalaci."

Ya yi lekkol, makarantar boko, ni ban yi ba. Yana jin Faransanci, Larabci ma bai ba shi wuya ba. Ni na samo masa aiki a ginin da muke yi a unguwar Tahaggart, ni na koya masa riƙon cokalin gini. Shi kuma ya koya mini wasan yaƙi.

Akwai wani shago a bayan kasuwa mai tsofaffin na'urori, waɗanda muke ce wa ordinatar, 'yan Nijeriya su ce kwamfuta. Ranar Juma'a ba aiki, in an sauko daga masallaci can muke zuwa. Wasan yaƙin dā ne, na mashi da baka da dawaki. Kana kallon fili daga sama. Mutane ƙanana kamar tururuwa, an raba su ƙungiya-ƙungiya, kowace da tuta a kanta. Ka danna ƙungiya, ka danna wuri, su tafi. Rubutu yana fitowa a gefe, ba na iya karanta shi. Tuta kuwa ba ta bukatar karatu.

Ranar farko na tura mutanena gaba ɗaya. Suka haɗu da abokan gaba a gindin wani tudu. Ba a daɗe ba tutar ƙungiyata ta hagu ta fara ƙiftawa, sai ta yi fari, mutanen suka juya da gudu. Ta kusa da ita ma ta yi fari. Na danna, na sake dannawa, ba wanda ya saurare ni.

Na ce, "Kai, abin nan ya lalace. Ga su nan da ransu, yawancinsu ko ƙwarzane ba su yi ba. Me ya kore su?"

Ya yi dariya har yana dukan tebur. "Bawana, ka ɗauka buhunan siminti ne, inda ka aje su nan za ka tarar da su? Na'urar nan ba gawa kaɗai take dubawa ba. Zuciya take aunawa."

"Zuciyar wa? Hoto ne fa."

"Hoton ma ya fi ka hankali. Ya ga mutuwa ya kauce."

A hankali na gane. Ba yawan waɗanda suka faɗi ne ke karya ƙungiya ba, saurin faɗuwarsu ne. In suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, sai su jure har su kusa ƙarewa. In suka zube a lokaci guda, ko da waɗanda suka rage sun fi yawa, tuta sai ta fara ƙiftawa. In aka kashe shugaba, duk tutocin da ke filin sai su girgiza. Bugu ta baya ya fi na gaba tsoratarwa, ko da bai kai shi kisa ba. Amma abin da ya fi duka shi ne maƙwabci. Ƙungiyar da ke da mutane a damanta da hagunta tana tsayawa kamar an dasa ta. Da zarar ta ga ta gefenta ta juya, ita ma tutarta sai ta fara ƙiftawa. Gudu daga gefe yake farawa, ya ci zuwa tsakiya. Kuma yawancin masu mutuwa bayan sun juya baya suke mutuwa.

Akwai abu guda da yake yawan nanata mini. "Kada ka rufe su ta ko'ina. In ba su da hanyar gudu za su tsaya su yi ta faɗa har na ƙarshe, su ɓata maka mutane a banza. Ka bar musu ƙofa. Wanda ya san akwai ƙofa a bayansa, rabin hankalinsa yana can."

Da hannuna ya faɗa, sai mai shago ya haɗa mana na'urori biyu muka koma gefe ɗaya. Ni nake riƙe masu mashi a tsakiya, shi yake riƙe dawaki. Aikina ɗaya ne, in tsaya. Abokan gaba su zo su danne ni, shi kuma ya kwashi dawakinsa ya ɓace bayan itatuwa. Kafin ya tafi yakan ce, "Ka riƙe, ina zuwa."

Sai in riƙe. Mutanena suna faɗuwa, tutocina suna ƙiftawa, ina zufa a kan kujera.

"Ina kake, malalaci? Ko dokin naka jaki ne?"

"Ka riƙe, bawana. Don haka aka haife ka."

Sai ya bari har tutata ta kusa yin fari, sannan dawaki su ɓullo ta bayan abokan gaba. Ka ga tutocinsu suna fari ɗaya bayan ɗaya, fili ya cika da masu gudu. Bai taɓa ƙin zuwa ba. Yakan makara don ya ji ina zaginsa, amma yana zuwa. Samari sukan taru a bayanmu suna kallo. Wani ya taɓa cewa, "Ku biyun nan ba a iya muku." Ɗan kawuna ya nuna ni da baki ya ce, "Wannan? Bawana ne na gado. Ran da na sami mai saye, sayar da shi zan yi." Aka yi dariya.

Ginin da muke yi bene ne. Katakon da muke hawa mu yi shafe ta waje tsoho ne, rana ta cinye shi, da waya aka ɗaure shi. Mun yi magana, aka ce za a duba. Wata safiya ya karye da wani ɗan Maradi, yana ɗauke da bokitin siminti. Ya faɗo a kan tulin bulo, ƙugunsa ya karye. Aka kai shi asibiti, daga baya aka dawo da shi ɗakin da muke kwana a ƙasan ginin. Yana kwance, ba ya juyawa sai an juya shi.

Akwai wani tsohon magini a cikinmu, Baba muke ce masa. Shi ya tara mu bayan la'asar. Bai yi dogon zance ba. Ya ce ba mai sake hawa sai an kawo abin hawa na ƙarfe, kuma ɗan Maradi ba ya barin ɗakin nan sai ya miƙe da ƙafarsa. Muka yarda, muka shafa fatiha. Aka tambayi wa zai yi magana da mai gini. Kowa ya dubi ɗan kawuna, shi ne mai harshe.

Da aka watse ya dafa kafaɗata. "Kai ne tsakiya. Yaran nan kai suke kallo, in ka tsaya za su tsaya. Ka riƙe, ina zuwa."

Na riƙe.

Da safe sai mu fito mu zauna a inuwar katanga, mu dafa shayi. Ba mu zagi kowa ba, ba mu taɓa kayan kowa ba. Ɗan kawuna kuma yana shiga buro, ofishin mai gini, yana fita. In na tambaye shi sai ya ce, "Ana magana."

Baba aka fara ɗaukewa. Mota ta zo ta tsaya a ƙofa. Aka ce mai gini yana da garka a garin Abalessa, yana neman mai gadi, aikin zama ne a inuwar dabino. Baba gwiwoyinsa sun daɗe da ƙarewa, kowa ya sani. Ya zo gabanmu da jakarsa a hannu, idonsa a ƙasa.

"'Ya'yana, ku yafe mini. Ƙafa ta ƙi."

Muka ce, "Ba komai, Baba, Allah ya kiyaye hanya." Ba wanda ya ga laifinsa. Amma shayin ranar a buta ya huce.

Sai aka kori wasu. Ba masu baki aka kora ba, ba ni aka kora ba. Sababbin zuwa ne, waɗanda suke kwana a bakin ƙofa, waɗanda ba su da kowa a garin. Aka ce su tattara kayansu, dukansu a lokaci guda, tun kafin a karya kumallo. Da ɗaya aka kora yau, ɗaya jibi, da mun yi fushi. Da aka kwashe su tare, tsoro muka ji. Na ga mutane suna kallon wurin da tabarmansu suke dā.

Bayan haka magana ta fara zuwa, ba a san bakin da ya fara ta ba. Wai akwai mota cike da sababbin ma'aikata da za a kawo daga wata unguwa. Wai za a zo a tambayi takardu. Yawancinmu ba mu da takarda. Ba wanda ya tsaya a gabanmu ya faɗa. Daga mai sayar da burodi aka ji, daga waya aka ji. Mutum yana zaune, in ya ji ƙarar mota sai ya waiwaya.

Abin ya fara yi mini kama da wani abu da na sani. An ɗauke shugaba, an zubar da na gefe a tare, ga bugu ta baya. Na sami ɗan kawuna a bakin tankin ruwa yana wanke fuska, mutane suna wurin. Na tambaye shi ba tare da kwana-kwana ba.

"Ɗan kawu, da wa kake?"

Ya ɗago, ruwa yana ɗiga daga gemunsa. "Bawana, ai na sayar da kai tun shekaranjiya. Mai saye ne bai zo ɗauka ba."

Kowa ya fashe da dariya. Mun kwana biyu ba mu yi dariya ba. Ni ma na yi. Abokin wasa ne. In ya ce ya sayar da kai, yana nufin yana tare da kai, haka muka tashi muka gani. Da wani ne ya faɗi haka, da na shaƙe shi a wurin. Da ya rantse mini da Allah cewa yana tare da mu, wataƙila da na yi zarginsa, don bai taɓa yi mini magana a miƙe ba. Ya gaya mini gaskiya a gaban shaidu, a harshen da ya san ba zan ɗauke ta gaskiya ba. Na koma inuwa na ce wa mutane su kwantar da hankali, yana zuwa.

Washegari ya fito daga buro, mai gini yana bayansa. Ɗan kawun nawa yana sanye da farar hular kwano, irin wadda shef kaɗai yake sawa. Da Hausa ya yi magana, bai ɗaga murya ba. Ya ce duk wanda ya hau kafin azahar, an manta da komai, ba za a ambaci sunansa a ko'ina ba. Wanda ba ya so, ƙofa a buɗe take, ba mai riƙe shi, ba mai binsa. Katako kuma za a duba.

Ba wanda ya motsa. Na dubi dama, na dubi hagu. Ba mai gini suke kallo ba, ba shi suke kallo ba, ni ma ba ni suke kallo ba. Kowa na kusa da shi yake kallo ta wutsiyar ido. Na san wannan kallon. Na sha ganinsa a shago, a kan tuta.

Wani daga can ƙarshen hagu ya tashi, ya kakkaɓe wandonsa, ya ɗauki bokiti. Ya ce wanke shi kawai zai yi, siminti ya bushe a ciki. Na kusa da shi ya tashi ya ce zai taya shi. Shi ke nan. A na'ura da gudu suke watsewa, a nan da tafiya aka yi, sannu a hankali, kowa kansa a ƙasa. Kafin inuwa ta bar katanga, ni kaɗai na rage a zaune. Ina jin katako yana kuka a sama ƙarƙashin ƙafafunsu.

Ban ga laifinsu ba. Kowa da waɗanda ya bari a gida. An sa su a inda mutum yake karaya, suka karaya.

Ya zo ya tsaya a kaina.

"Bawana, tashi ka hau. Na ajiye maka wurinka."

Na ce, "Ka ce in riƙe."

"Ai ka riƙe. Ba wanda ya kai ka."

"Ka ce kana zuwa."

"Ga ni na zo."

"Ta bayanmu."

Ya tsuguna, ya rage murya. "Saurara. Tun ranar farko na ga tutocinku suna ƙiftawa. Da ni ko ba ni, da kun watse. Kuma ka san abin da ke samun masu gudu, a baya ake yanka su. Da an kwashe ku duka a mota. Ni na sa aka bar muku ƙofa. Dubi sama, kowa da aikinsa."

"A kan katakon nan dai."

"Za a duba."

"Sababbin da aka kora fa? Wa ya nuna su?"

Ya gyara zaman hularsa.

"Baba fa? Wa ya san maganar gwiwarsa?"

"Baba yana inuwa yana cin dabino. Ka fi shi son kansa ne?"

Wataƙila akwai gaskiya a maganarsa. Wataƙila da mun watse ko ba shi. Na yi ta juya abin, ban sani ba har yau. Abin da na sani shi ne ya zaunar da ni a tsakiya don mutane su ga akwai mai jira, su ma su jira, har ya gama zagayawa. Aikin da nake yi masa a shago shi na yi masa a nan. Bambancin kawai, wannan karon mu ne a gaban dawakin.

Da yamma aka ce ana bukatar ɗakin ƙasa, za a zuba siminti. Kowa zai koma kwana a bene. Mai karyayyen ƙugu ba ya hawa bene. Ba wanda ya ce an kori ɗan Maradi, ɗakin kawai ake bukata. Na samo wani Ba'abzine mai mota buɗaɗɗiya, muka kwantar da shi a kan katifa a baya. Yana cije leɓe, bai yi ƙara ba. Da muka zo fita ya kalli sama wurin mutanen, ba wanda ya leƙo. Na kai shi wurin wani malami da ke karantar da yara a unguwa, yana da zaure inda baƙi suke kwana. Malam ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Ku shigo da shi." Bai tambayi komai ba. Ni ma ban koma ginin ba, ko cokalina ban je ɗauka ba.

Labari ya riga ni isa gida. Uwata ta kira ni a waya.

"Na ji abin da ya faru. Ɗan kawunka ne, wasa ne tsakaninku. Kada in ji an ce ka yi fushi da shi, ka ja mini magana a dangi."

Na ce, "Ban yi fushi ba, Inna."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

Wata Juma'a na koma shagon ni kaɗai. Mai shago ya tambayi ina mai dawakin, na ce yana aiki. Ya kunna mini, na jera masu mashi. Abokan gaba suka zo suka danne ni, tutocina suka fara ƙiftawa. Dawakin suna hannuna a wannan karon, suna tsaye a gefe, ni ne zan tura su. Ban tura ba. Sai na tarar idona yana kan itatuwan nan, ina jira. Tutar hagu ta yi fari, ta kusa da ita ta bi. Na tashi na bar su suna gudu. Ban sake shiga shagon ba.

Mun haɗu da ɗan kawuna sau ɗaya bayan haka, a kasuwa, wajen masu sayar da shayi da sukari. Yana tare da mutanen garinmu. Ya hango ni, ya ɗaga murya yadda ya saba.

"Bawana! Har yanzu kana da rai?"

Mutane suka juyo suna murmushi, suna jiran amsata. Na matsa kusa, na miƙa masa hannu biyu.

Na ce, "Salamu alaikum. Ina wuni? Ya aiki? Ya gajiya? Ya labarin gida?"

Murmushin ya tsaya a fuskarsa. "Kai, malam, mene ne haka?"

"Lafiya lau. Allah ya taimaka. A gaida mutanen wurin aiki."

"Ka zage ni mana."

Na ce, "Sai an jima."

Ya miƙa hannu zai fizge mini hula, sai ya fasa. Mutanen garinmu kowa ya gane. Ban yi fushi ba, ban karya maganar uwata ba. Na gaishe shi ne yadda ake gaida baƙo.

Ɗan Maradi ya warke yadda ya warke. Da ya iya zama aka sa shi a mota ya koma gida, na ji da sanda yake tafiya. An gama ginin a kan katakon nan, ba a canja shi ba, kuma ba wanda ya sake faɗowa. An ce ɗan kawuna yana yawan faɗa wa mutane haka.

Ni yanzu ina ƙauyen Outoul, ina ban ruwa a garkar wani Ba'abzine, albasa da tumatir. Ni kaɗai ne ma'aikacinsa, ba kowa a damana, ba kowa a haguna. Aikin a ƙasa yake.